Kafin ka kai ƙirƙirarka Abuja neman fatent, zauna ka gwada ta da kanka tukunna

Watannin baya wani abokin yayana mai walda a Muchiya, nan Zariya, ya kira ni wai in zo shago in ga wani abu, ko gaisawa ba mu gama ba ya yaye tamfol ɗin da ya lulluɓe shi da shi. Injin bugun masara ne ya ƙera, ya ɗora masa injin babur a madadin injin dizil ɗin nan da aka saba, ya sa masa taya biyu yadda mutum ɗaya zai tura shi har cikin gona. Ya ce "Barista so nake ka yi min takardar nan ta fatent kafin yaran Sabon Gari su kwafe." Fatent dai shi ne takardar da gwamnati ke ba mai ƙirƙira don hana wasu kwafar abinsa ba da izininsa ba. Na zagaya injin, na ce masa Yaya takarda kam za ta fito, amma indai injin babur ɗin nan da tayoyin su ne abin da za mu rubuta toh ranar da wani ya kai ka kotu ba za ta tsaya maka ba. Ransa bai so ba wallahi, kuma na fahimce shi, wata nawa ya yi yana ƙona hannu a kan abin.

Dalilin rubutun kenan, don irinsa suna da yawa a garin nan, daga masu walda har malamai da ɗaliban Samaru da Shika da Basawa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a ƙasar nan ofishin rajistar fatent da ke Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari ba ya binciken ko ƙirƙirarka sabuwa ce ko tana da hikima. Dokar da ake aiki da ita ta 1970 ce, kuma sashe na 4 ya faɗa ƙarara cewa magatakarda takardu kawai zai duba, an cike fom daidai, an biya kuɗi, ƙirƙira ɗaya ce a ciki, shikenan, har dokar ta ce ana ba da fatent ne bisa kasadar mai shi ba tare da tabbacin ingancinsa ba. Sai daga baya kuma sashe na 9 ya ba kowa damar zuwa Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke. Kaga kenan jarrabawar da a Amurka ko Turai ma'aikacin ofis ke yi maka tun farko, mu a nan ajiye maka ita ake yi sai ranar da kuɗi suka fara shigowa rigima ta tashi. Gara ka yi wa kanka ita yanzu.

Sharuɗɗan uku ne a sashe na 1: abin ya zama sabo, ya zama akwai hikimar ƙirƙira a ciki, kuma ya zama ana iya ƙera shi ko amfani da shi a wata sana'a, har da noma. Na tsakiyan nan shi ne mai kayar da mutane. Dokar ta ce ana samun hikimar ƙirƙira ne idan abin bai fito a fili daga ilimin da ake da shi ba, ko ta wajen hanyar yi, ko yadda aka yi amfani da ita, ko haɗa hanyoyi, ko kayan da aka samar, ko kuma sakamakon da ya bayar. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau, sakamako, za mu dawo kansa.

Mataki na 1: kama bakinka, buɗe littafi

Duk abin da ya fita ga jama'a kafin ranar da ka shigar da takarda, a rubuce ko da baki ko ta amfani, a kowace ƙasa a kowane zamani, ya shiga cikin tsohon ilimi, ko da kai ka fitar da shi da hannunka. Bidiyon da ka ɗora a Facebook ko TikTok, takardar da ka gabatar a taron ƙara wa juna sani, inji ɗaya da ka sayar wa wani manomi a Giwa, duka. Rangwamen da dokarmu ta yi ɗan ƙarami ne, wata 6 ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, kar ka ɗauka kowane baje koli ne ya shiga ciki. Sannan ka sayi littafi mai ɗinki ka riƙa rubuta kwanan wata da abin da ka gwada, har wanda bai yi ba, musamman ma wanda bai yi ba, zai yi maka rana a gaba.

Mataki na 2: nemo abin da aka riga aka yi

Shafukan intanet na binciken fatent, Google Patents da Espacenet da Patentscope, duk kyauta ne, data kawai za ka ci. Ka rubuta aikin da abin yake yi da Turanci ta hanyoyi daban-daban, kar ka tsaya kan suna ɗaya, kuma ka fi mai da hankali kan zane-zane don su ba sa buƙatar fassara ko na Chana ne ko na Jamus. Fatent da ya mutu shekara 80 da suka wuce har yanzu hujja ne a kanka. Bayan nan ka duba na gida, kundin digiri da ke ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ko wanda aka ɗora a Kubanni, rumbunta na intanet, rahotannin IAR, wato cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, kayan da ke kasuwa, da abin da tsofaffi ke yi tun fil azal.

Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. A 1994 ofishin fatent na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka fatent kan maganin funfuna da aka haɗa da man darbejiya, dogon yaron nan da ke ƙofar kowane gida, mutanen Indiya suka tashi suka kawo shaidar an daɗe ana amfani da shi haka a can, aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Haka na kurkum wajen warkar da rauni, Amurka ta bayar a 1995 ta janye a 1997. Don haka in ƙirƙirarka ita ce zuba toka ko barkono ko ganyen darbejiya a buhun wake, toh kakanninmu sun riga ka.

Mataki na 3: zaɓi mafi kusa da naka, ka rubuta bambancin

Cikin duk abin da ka tono ɗauki guda ɗaya wanda ya fi kama da naka, wanda in ka gan shi gabanka ke faɗuwa, shi ne abokin gwajinka. Raba takarda biyu, nasa a dama naka a hagu, ka jera sassa ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya zo iri ɗaya ka soke shi. Abin da ya rage shi ne ƙirƙirarka, sau da yawa layi ɗaya ne ko biyu. Sai ka tambayi kanka wannan ɗan bambancin wace matsala ya warware, kuma me ya haifar wanda za a iya aunawa. Haka ofishin Turai ke yi, mafi kusa, bambanci, matsala, sannan tambayar ko maganin a fili yake. Kotunan Ingila ma kusan hakan ne tun shari'ar Windsurfing ta 1985 da Pozzoli ta 2007, kuma da yake tsarin shari'armu daga can ya samo asali lauyoyinmu kan kawo hukuncinsu don jan hankalin alƙali duk da ba dole ne ya bi ba.

Mataki na 4: kira gwanin sana'a ka zaunar da shi

Nan ne zuciyar maganar. Doka ba ta tambaya ko abin ya ba ka wahala, ko ya burge maƙwabta. Wani mutum take ƙaddarawa, gwani na tsaka-tsaki a wannan fannin, ya san duk abin da aka taɓa wallafawa, hannunsa ya faɗa, amma ba shi da basirar ƙago sabon abu, abin da aka saba kawai yake bi. In aka ajiye masa matsalarka da tsohon ilimi a ranar da ka shigar da takarda, zai iso inda ka iso? In zai iso, abinka a fili yake, babu fatent.

Akwai hanyoyin da kusan kullum wannan gwanin yake isowa. Na farko canza kayan ƙira. Tsohuwar shari'ar da ta kafa wannan magana a Amurka, Hotchkiss da Greenwood a 1851, a kan mariƙin ƙofa aka yi ta, wani ya yi shi da yumɓu da tangaran maimakon katako ko ƙarfe, kotu ta ce ya fi kyau ya fi araha amma aikin ƙwararren makaniki ne ba na mai ƙirƙira ba. Na biyu haɗa sanannun abubuwa kowanne yana aikin da aka san shi da shi, irin shari'ar KSR da Teleflex ta 2007 inda aka haɗa totur ɗin mota mai matsawa gaba da baya da na'urar lantarki mai gane yadda aka taka shi, duka biyun da ma akwai su, Kotun Ƙolin Amurka ta ce a fili yake. Injin Yaya nan ya faɗa, injin babur juyawa yake kamar yadda ya saba, taya gangarawa take, gangar bugu bugu take, ba wanda ya canza halin ɗan'uwansa. Haka masu liƙa sola a jikin duk abin da ke amfani da wuta. Na uku ƙara girma, rage girma, ko wasa da lamba har a dace, zafi kaza, minti kaza, kashi kaza, don gwani da ma aikinsa kenan. Na huɗu in hanyoyin da za a gwada 'yan kaɗan ne sanannu kuma ana sa ran ɗaya za ta yi, wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya samu bai ƙirƙiro ba.

Amma fa kar ka yanke wa kanka hukunci da gaggawa, don akwai tarko ta ɗaya ɓangaren. Duk abin da aka riga aka nuna maka amsarsa sauƙi yake yi, kowa sai ya ce ai ni ma da na yi. Kotuna sun san da wannan kuma suna gargaɗin alƙalai a kai. Shi ya sa Turawa ke bambanta "zai iya" da "zai yi": ba a tambaya ko gwani yana da ikon haɗa abin, ana tambaya ko akwai wani abu a tsohon ilimi da zai tura shi ya haɗa ɗin yana sa ran nasara. Sauƙin abu ba laifi ba ne. A Ingila wata uwa, Mandy Haberman, ta yi kofin yara mai ɗan bawul a baki wanda ko an kifar ba ya zuba, kayan da ta yi amfani da su duk sanannu ne shekara da shekaru, amma a 1999 kotu ta tsayar da fatent ɗinta, don matsalar ta daɗe tana damun iyaye, manyan kamfanoni na ta kewaye-kewaye ba su gano ba, tana fitowa kuma kasuwa ta wawashe. Irin waɗannan shaidun Kotun Ƙolin Amurka ta ambace su a shari'ar Graham da John Deere ta 1966, wadda ita ma kan garma aka yi: buƙatar da ta daɗe ba a biya ba, wasu sun gwada sun kasa, da karɓuwa a kasuwa. Sai dai karɓuwar dole ta zama saboda ƙirƙirar ce, ba don talla ko arha ba.

Mataki na 5: nemo abin mamakin, ka auna shi

In haɗinka ya yi kama da a fili yake, abin da ya fi ceto shi shi ne sakamakon da gwani bai zata ba. Hikimar mai sauƙi ce, da a fili yake da an san abin da zai bayar, tunda ya ba da abin da masana ba su yi tsammani ba toh ba a fili yake ba.

Labarin da na fi so a nan na Bert Adams ne, an yanke shi rana ɗaya da na Graham a 1966. Mutumin ya haɗa batir da maganiziyam da wani sinadarin tagulla, ana ajiye shi a bushe sai an zuba masa ruwa, ko na sha ko na gishiri, ya fara aiki. Kowane ɗaya cikin kayan an san shi a harkar batir, gwamnatin Amurka ta ce kaga a fili yake. Amma ilimin lokacin cewa yake irin wannan haɗin ba zai yi amfani ba, masanan gwamnati da kansu da ya kai musu ba su yarda zai yi aiki ba, sai ga shi yana ba da wuta daidai ba ta raguwa kusan har ya ƙare, daga baya sojoji suka yi ta amfani da shi a yaƙin duniya na biyu. Kotu ta ba shi gaskiya. In littattafai na cewa kar a bi nan kai kuma ka bi ka dace, wannan hujja ce babba, ka adana duk takardar da ta ce ba zai yiwu ba.

Yanzu mu koma Muchiya. Da na gama kashe wa Yaya jiki sai ya ce bari dai ka ga aikinsa, ya tada inji yaronsa ya riƙa zuba masara. Na sa hannu na ɗebo daga abin da ke fita na baza a faifai, sai na ga kusan duk ƙwayar lafiya lau take, ga totuwa na fita a goge, alhali gangar na gudu sosai. Duk mai harkar nan ya san in ka ƙara wa ganga gudu aiki zai yi sauri amma ƙwaya za ta farfashe, in ka rage gudu ta fita lafiya amma ka wuni. Na ce Yaya me ka yi wa cikin nan? Ya kashe ya buɗe murfi, ashe haƙoran gangar ba a miƙe ya walda su ba, ya karkatar da su kuma ya jera su da wata irin tazara da ke canzawa daga baki zuwa ƙarshe, wai rodin da ya samu ne ya lanƙwashe ya ga kamar ya fi sai ya ci gaba da gyarawa. Shi ko a jikinsa, injin babur yake ta nuna min. Na ce masa in akwai fatent a injin nan toh ga shi nan a ciki, mai da murfin ka rufe.

Sai dai "kamar ya fi" ba hujja ba ce, kuma nan ne mutanenmu ke sakaci. Ga yadda ake mai da mamaki ya zama shaida.

Ka gwada da mafi kusa ɗin nan na mataki na 3, ba da wani lalataccen inji ko bugun sanda ba. Duk wanda ya gwada sabon abinsa da mafi rauni don ratar ta yi faɗi kansa ya cuta, lauyan ɗaya ɓangaren da nan zai fara. Ka canza abu ɗaya tak, wato ganga biyu, ɗaya mai miƙaƙƙun haƙora ɗaya mai karkatattu, amma inji ɗaya, fuli da bel ɗaya, rariya ɗaya, masara daga buhu ɗaya mai bushewa ɗaya, mai zubawa ɗaya. Ka auna da sikeli ba da mudu ba, ka ɗebi samfur ka ƙirga fasassun ƙwayoyi, ka maimaita aƙalla sau 3 a kowane gudu, ka rubuta har wanda bai yi maka daɗi ba. In da hali a yi a gaban wanda ba ruwansa, masanin injinan noma misali, bayan ya sa hannu a takardar riƙe sirri.

Bambancin kuma ya zama na kirki. In kowa na tsammanin gyaran zai ɗan rage fashewa kai kuma ka samu ya ɗan rage, ba mamaki a nan. Mamaki shi ne ratar ta wuce tsammani nesa, ko abin ya juya ya saɓa wa ƙa'idar da aka sani, ko wani sabon hali ya ɓullo wanda tsohon ba shi da shi sam. Misalin maganin Plavix kenan, sinadarin yana da tagwaye biyu masu kama kamar hannun dama da hagu, da aka raba su sai aka tarar amfanin duk yana jikin ɗaya, illar kuma tana jikin ɗayan, abin da ba a iya hasashensa, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta tsayar da fatent ɗin a 2008.

Masu haɗa magunguna, na ƙwari ko na ciyawa ko na dabbobi, ku ga lissafinku. A ce hoda ta farko ita kaɗai tana kashe kashi 40 cikin 100 na ƙwaron wake, ta biyu kashi 30. In ka haɗa ka samu 60 kar ka yi murna, don akwai lissafin Colby na 1967 da masana ke amfani da shi: ka tara biyun, ka ninka su ka raba da 100, ka cire. 40 da 30 sun ba da 70, 40 sau 30 a raba da 100 ya ba da 12, saura 58. Wato 58 shi ne abin da ake tsammani ko da ba su taimaki juna ba. In ka samu 90 kuma ya maimaitu, yanzu ka zo da magana. Dole ka gwada kowanne shi kaɗai a daidai adadin da ke cikin haɗin, ka kuma ajiye kwalba ɗaya da ba a sa mata komai ba.

Mataki na 6: san inda mamakin ba ya ceto

Wannan yana da ɗaci amma gara ka ji. In hanyar da ka bi da ma ita ce kowane gwani zai bi, samun garaɓasa a ƙarshenta ba ya mai da ita ƙirƙira. A 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yi shari'ar Actavis da ICOS kan wani magani mai suna tadalafil, kamfanin ya gano ɗan ƙaramin awo na miligiram 5 a kullum yana aiki kuma illarsa kaɗan ce, kowa ya yarda ba a zaci hakan ba, amma kotu ta ce gwajin rage awo aiki ne da dole duk mai haɗa magani ya yi, da sun bi tsarin da aka saba da sun iso nan, aka soke. Haka in abin ba sabo ba ne tun asali, gano wani sabon amfaninsa ba zai ba ka mallakar abin kansa ba, mamaki yana taimakon sharaɗi na biyu ne kawai, ba ya gyara na farko. Ga mutanen IAR kuma, sabon irin shuka kamar su masarar SAMMAZ da waken SAMPEA ko ya ba da yabanyar da ba a taɓa gani ba dokar fatent ta cire shi, nasa gidan daban ne, dokar kare irin shuka ta 2021.

Mataki na 7: sa shi cikin takardar tun ranar farko

Takardar neman fatent kashi biyu ce, bayani da zane, sai da'awa, wato layukan ƙarshe da ke shata iyakar abin da kake cewa naka ne kamar iyakar gona. A cikin bayanin ka faɗi abin da ake yi a da da matsalarsa, ka faɗi abin da masana ke tsammani, sannan ka kawo teburin gwajinka da lambobi da yadda aka yi shi filla-filla yadda wani gwani zai maimaita ya samu. Kar ka ɓoye sirrin ka ce ai za a kwafa, bayanin da bai isa a aiwatar da shi ba shi ma dalilin sokewa ne a sashe na 9. A Turai da Amurka ba a yarda ka cusa sabon abu bayan ka shigar, ana iya karɓar ƙarin gwaji daga baya amma babban kwamitin ɗaukaka ƙara na ofishin Turai ya ce a 2023, a wata rigima kan haɗin maganin ƙwari, sai in tasirin da kake kafa hujja da shi yana cikin abin da takardarka ta farko ta koyar.

Faɗin da'awarka kuma ya yi daidai da faɗin gwajinka. In karkata ɗaya ka gwada a masara kaɗai, ba za ka ce duk haƙori karkatacce a duk injin bugun hatsi naka ne ba, mamakin da ka nuna a lungu ɗaya ba zai riƙe fili duka ba. Ka gwada ƙasa da inda ya fi kyau, ka gwada sama da shi, ka nuna inda abin ya fara da inda ya daina, wannan shi ke nuna tazarar taka ta musamman ce ba wasa da lamba ba. Sai a rubuta da'awa hawa-hawa, mai faɗi a sama, ƙanana a ƙasanta, in kotu ta sare ta sama na ƙasa su tsira. Wannan wurin kam ka nemi lauyan da ya saba da shi.

Mataki na 8: shigarwa, da abin yi in bai tsallake ba

A dokarmu wanda ya riga shigarwa shi ke da haƙƙi, fatent na shekara 20 ne daga ranar shigarwa kuma ana biyan kuɗi duk shekara in ba haka ba ya mutu. NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, na taimaka wa masu bincike da masu ƙirƙira na gida wajen shigarwa, ta kuma buɗe ofisoshi a jami'o'i da cibiyoyin bincike. In ma'aikaci ne kai kuma cikin aikinka ka gano abin, sashe na 2 ya ba wa wanda ya ɗauke ka aiki haƙƙin, ka fara da ofishinku. Takardar Abuja a Najeriya kawai take aiki, ko Maraɗi ba ta kai ba don Nijar tana ƙarƙashin OAPI ne, ofishin fatent na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka. Kana da wata 12 daga ranar shigarwa ka nema a waje da wannan kwanan watan, kuma tunda Najeriya ta shiga yarjejeniyar haɗin kan ƙasashe kan fatent, wato PCT, a 2005 kana iya shigar da takarda ɗaya ta ƙasa da ƙasa, a yi maka binciken gaske a turo rahoto. In ya zo duba haruffan gefen kowace takarda da suka samo: X na nufin ita kaɗai ta isa ta kayar da kai, Y na nufin in an haɗa ta da wata abinka ya zama a fili, A kuma shimfiɗa ce kawai ba ta cutar da kai. Y ɗin nan ita ce teburin gwajinka zai amsa.

In ka bi duk wannan ka ga gaskiya a fili yake, kar ka zuba kuɗi a takardar da ba za ta kare ka ba. Siffar abin ta waje in sabuwa ce ana yi mata rajistar zane a ƙarƙashin wannan dokar dai, shekara 5 ana sabuntawa sau biyu, sunan da kake bugawa a jiki a yi masa rajistar tambari, in kuma haɗi ne da ba a gane shi da ido ko da an saya toh riƙe shi sirri ya fi.

Shi Yaya yanzu ganga 4 ya walda, ɗaya miƙaƙƙiya uku masu karkata daban-daban, mun samu fatent biyu na waje masu haƙora a karkace da ya zama dole mu gwada namu da su ba da na kasuwar Sabon Gari kaɗai ba, ɗayan ma ya yi kusa da nasa ƙwarai sai dai tazararsa ba ta canzawa, don haka da'awar tamu ta ƙara tsukewa ta koma kan tazarar. Gwajin busasshiyar masara mun gama, muna jiran sabuwa ta shigo mu ga ko abin zai riƙe in da ɗan danshi, injin kuma na cikin ɗaki a kulle har sai takarda ta shiga.